Tausar Kai, Zubin Goshi Ko Hular Mai: Wacce Ta Dace Da Kai A Jinyar Man Ayurbeda?

Duk wanda ya taɓa kai majinyaci Indiya, ko ya yi zaman karatu a can, ya san hoton nan: mutum kwance rigingine a kan gadon katako, an rufe masa ido, ga tukunya rataye a saman goshinsa, mai yana zubowa siriri kamar zare. A allon farashi za ka ga an rubuta Shirodhara. Shiro na nufin kai, dara kuma kwarara. Hoton ya yi suna har mutane da yawa sun ɗauka ita kaɗai ce jinyar kai da mai a maganin gargajiyar Indiya, wato Ayurbeda. Ba haka ba ne. Vagbhata, malamin magani da ya rayu wajen ƙarni na 7 Miladiyya, ya kasa sanya mai a ka gida huɗu a littafinsa Ashtanga Hridaya: tausa, zubawa, ɗora jiƙaƙƙiyar auduga, da tara mai a cikin hula. Ya kuma ce kowacce ta fi wadda ta gabace ta ƙarfi.

A nan mai zaɓe yake rikicewa. Wadda ta fi ƙarfi ba lallai ita ce ta fi dacewa da mai neman hutu ba, ga shi kuma bambancin kuɗinsu ninki ba ninki ne.

Ma'aunan da za a auna su da su

Na farko shi ne abin da kake nema. Gajiyar aiki daban, rashin barci na watanni daban, bushewar fatar kai daban, ciwon da likita ya gano kuma daban. Yawancin masu yin da-na-sani sun biya kuɗin jinyar ciwo ne alhali hutu suke so, ko kuma sun je neman hutu da ciwon da asibiti ya kamata su kai.

Na biyu kuɗi. Abu uku ne ke ɗaga farashi a wannan sana'a: yawan man da ake ci, yawan hannuwan da ke aikin, da yawan kwanakin. Idan ka san waɗannan ukun, za ka gane farashin da ya yi tsada da wanda arharsa ta yi yawa har ta zama abin zargi.

Na uku daɗewar amfanin. Akwai daɗin da ke ƙarewa da wanke kai, akwai wanda ke kai mutum kwana biyu, akwai wanda sai an maimaita kafin ya zauna.

Na huɗu sauƙi: za a iya yi a gida? Sai an tsefe kitso? Sai an yi aski? Awa nawa zai ci, har da wanka da hutun bayansa?

Na biyar haɗari, kuma a nan ba na son a yi sakaci, domin ana aiki ne da mai mai ɗumi kusa da ido da kunne.

Akwai na shida da allon farashi ba ya faɗa, amma Musulmi zai so ya sani tun kafin ya biya: wa zai taɓa shi, me za a karanta kafin a fara, da me aka dafa man. A wuraren da suka san aikinsu, musamman a jihar Kerala da ke kudancin Indiya, namiji ke yi wa namiji, mace ke yi wa mace. Wasu kan kunna fitila su yi addu'ar addininsu ga Dhanvantari, abin bautarsu na magani, kafin su fara. Ka faɗa tun a teburin karɓar baƙi cewa ba ka buƙatar wannan. Aikin man bai dogara da shi ba.

Tausar kai

Sunanta a littafi Shiro abhyanga, a bakin titi kuma champi. Daga wannan tushen ne ma kalmar shamfu ta samo asali, ta bi ta Turanci ta iso gare mu. Ita ce mafi sauƙi, kuma a ganina ita ce aka fi raina wa ƙima.

Mai gajeren gashi cokali ɗaya zuwa biyu na cin abinci ya ishe shi, mai dogon gashi ko mai cika uku zuwa huɗu. Ba a ɗora man a wuta kai tsaye. Ana zuba shi a ƙaramin kofi, a tsoma kofin cikin ruwan zafi na minti uku zuwa biyar, sannan a ɗiga a cikin wuyan hannu. Idan ka ji ɗumi mai daɗi, ya yi. Idan ka ji zafi, fatar kai za ta fi jin sa. Ana farawa daga maɗiga, a riƙa tsaga gashi ana sa man a kan fata, ba a kan gashin ba. Sai a murza da tsokar yatsu, ban da farce, ana zagayawa a hankali har fatar ta motsa a kan ƙashi. A sauko gefen goshi, a bi bayan kunne, a tsaya a ramin ƙeya, a ƙare da wuya da kafaɗu. Minti 10 zuwa 15 na tausa, sai a bar man ya zauna rabin awa zuwa awa guda.

Wajen wankewa mutane suka fi yin kuskure. Idan ka fara jiƙa kai da ruwa, man zai ƙi fita. Ka fara murza shamfu a kan man tukuna, sannan ka ƙara ruwa kaɗan-kaɗan. Ruwan kuma ya zama mai ɗumi-ɗumi, domin littattafan Ayurbeda sun hana zuba ruwan zafi a ka, suna cewa yana raunana gashi da ido.

Kuɗinta a gida kuɗin kwalbar mai ne. A Indiya masu aski na yin ta bayan aski da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, a asibitin Ayurbeda kuma 'yan ɗaruruwan rupi ne. Daɗin zama ɗaya ba ya wuce daren, amma da yake ana iya yin ta sau biyu ko uku a mako har shekara ta zagayo, amfaninta ya fi na sauran zama a jiki.

Matsalolinta ƙanana ne, kuma sanannu. Kwana da mai mai yawa na toshe ƙofofin gashi, sai ƙuraje su fito a bakin goshi da ƙeya. Mai amosanin ka irin mai maiƙo da jan fata ya yi hattara, domin ƙwayar da ke haddasa shi da mai take rayuwa, sai abin ya ƙaru. Mai makero ko gyambo a ka ya fara warkewa tukuna. Wadda ta sa man miƙar da gashi kwanan nan ta jira fatar ta huce. Jan gashi da ƙarfi, wanda wasu masu aski ke yi don a ji aiki, karya gashi yake yi, musamman gashinmu mai murɗiya.

Zubin goshi

Wannan ita ce Shirodhara, kuma ita ta fi buƙatar bayani domin a kanta aka fi kashe kuɗi.

Ana kwantar da mutum a gadon katako mai ɗan kwari ta wajen kai, inda man ke taruwa ya gangara cikin wani mazubi. Ana sa matashi siriri ƙarƙashin wuya, a ɗaura tsumma a saman gira don tare man, a rufe ido da auduga, a toshe kunne. Tukunyar ta ƙasa ce ko ta tagulla, da huda a gindinta, an zura lagwani ta hudar. Lagwanin ne ke sa man ya sauko a miƙe ba ya tartsatsi. Tsakanin bakin lagwani da goshi kimanin faɗin yatsu huɗu ne. Ana cin lita biyu zuwa uku na mai, a riƙe ɗuminsa wajen digiri 38 zuwa 40 a ma'aunin Salshiyos, wato sama da zafin jiki kaɗan. Mutum ɗaya yana kaɗa tukunyar a hankali daga wannan gefen goshi zuwa wancan, na biyu yana kwashe man da ya taru, ya ɗumama, ya mayar. Zama ɗaya minti 30 zuwa awa guda ne, an fi tsayawa a 45. Idan an gama sai a goge kai, a Kerala kuma su murza wani gari da suke kira rasnadi a maɗiga don kada mura ta kama mutum.

Duk sirrin aikin a rashin yankewa yake. Zubin da bai tsaya ba, ɗumin da bai sauya ba, ɗakin da babu hayaniya, su ne ke sa numfashi ya lafa, tunani ya daina tsalle-tsalle. Mintunan farko hankali kan ƙi kwanciya, daga baya mutane da yawa barci ke ɗauke su. A shekarar 2008 wasu masu bincike a Japan sun gwada ta da na'urar zuba mai a kan mutane ƙalilan masu lafiya, suka ga alamun raguwar fargaba. Irin waɗannan gwaje-gwaje ƙanana ne. Sun isa a ce tana kwantar da hankali, ba su isa a ce tana warkar da hawan jini ko ciwon damuwa ba. Duk wanda ya ce maka ka ajiye ƙwayar hawan jininka saboda zubin goshi, ka tashi ka bar wurin.

Kuɗinta a asibitocin cikin gari a Indiya yakan kama daga wajen rupi 1,500 zuwa 4,000 a zama ɗaya, gwargwadon gari da irin man. Otal-otal na 'yan yawon buɗe ido sun fi haka nesa ba kusa ba, asibitocin gwamnati kuma sun fi sauƙi. Tsadar ba zalunci ba ce: lita uku na man da aka dafa da magani da ma'aikata biyu na awa guda ba abin wasa ba ne. Shi ya sa arha mai yawa take da ayar tambaya. Ko dai an surka man da mai arha, ko kuma man da aka zuba wa wani ne ake juye maka. A ƙa'ida, ana iya maimaita mai na kwana biyu ko uku ga mutum ɗaya a cikin jinyarsa, ana tacewa ana ƙara sabo. Ba a raba shi tsakanin mutane biyu. Ka tambaya, kuma ka nemi a buɗe kwalbar a gabanka.

Zama ɗaya yakan ba da barci mai daɗi a daren, wani lokaci har dare na biyu. Masu sana'ar suna tsara ta ne kwana 7, 14 ko 21 a jere, a lokaci ɗaya kullum, an fi so da safe. Ko bayan haka, idan abin da ke hana barcin yana nan, kamar latsa waya har tsakar dare ko shan shayi mai kauri bayan Isha'i, rashin barcin zai dawo.

Ga abin da ke lalacewa da dalilinsa. Idan tukunya ta yi nisa da goshi, man na faɗowa da ƙarfi, mutum ya tashi da ciwon kai. Idan man ya huce ba a lura ba, sai nauyin kai da toshewar hanci su biyo baya. Idan ya yi zafi, fatar goshi ta yi ja ko ta ƙone. Idan tsumman gira ya kwance, mai ya shiga ido. Idan babu matashi a wuya, ko kai ya lanƙwashe baya da yawa, sai sanƙarar wuya da jiri. Tashi da gaggawa bayan an gama yana kawo hajijiya, ƙasa kuma akwai santsi. Ka juya gefe, ka zauna minti biyu, sannan ka miƙe. Kada ka tuƙa mota nan take, kada ka shiga iska ko ɗaki mai na'urar sanyaya da jiƙaƙƙen kai.

Ba a yi wa mai zazzaɓi, mai mura, mai rauni a ka ko wuya, ko wanda ya ci ya ƙoshi yanzu-yanzu. Mai tsohon ciki ba za ta jure kwanciyar rigingine ta awa guda ba, kuma bai ma kamata ba. Mace mai kitso sai ta tsefe, ƙarin gashi sai an cire, kuma ta ware lokacin wanki, domin gashi mai cika yana shan mai sosai, sai an wanke sau biyu ko uku. Da shiri da hutu da wanka, ka ɗauka awa biyu sun tafi, don haka ka zaɓi lokacin da ba zai ci sallah ba.

Ana sayar da tukunyar da maratayinta a intanet, har da masu famfo da na'urar riƙe ɗumi. Ban ba da shawarar mutum ya yi wa kansa ba. Wanda idonsa ke rufe ba ya ganin inda man ya nufa, ba ya kuma iya kashe wuta idan ɗumi ya wuce kima. Garin neman gira ne a rasa ido.

Idan mai ya yi maka nauyi: tsala da madara

Akwai zubin goshin da ba da mai ake yi ba. Takradhara da tsala ake yin ta, wato nonon da aka kaɗe aka cire mansa, a haɗa da ruwan dafaffen 'ya'yan amla, wani itacen Indiya, da saiwar wata ciyawa dangin aya da suke kira musta. Ba a ɗumama ta kamar mai, sanyi-sanyi ake zuba ta. Ksheeradhara kuma da madara ce. Ana zaɓar su ga wanda suke cewa zafi ya yi masa yawa: mai jin kansa na huci, mai yawan gumi, mai saurin fushi, mai fatar kai da mai ke tayar wa ƙuraje.

Kuɗinsu kusan ɗaya da na mai, wani lokaci ƙasa kaɗan. Sun fi sauƙin wankewa. Haɗarinsu biyu: sanyin na iya tayar da mura ko ciwon hanci ga mai saurin kamuwa, sannan nono ba ya kwana. Dole a haɗa sabo kullum. Idan ka ji tsamin ya wuce na tsala ya koma wari, kada ka yarda a zuba maka.

Audugar maɗiga

Shiro pichu ba ta da hoto mai ɗaukar ido, shi ya sa ba a tallata ta. Ana ninke auduga ko tsumma mai tsabta kamar faɗin tafin hannu, a tsoma a mai mai ɗumi, a ɗora a maɗiga, a ɗaure da ɗan ƙyalle ta ƙarƙashin haɓa ko ta ƙeya. Idan ta fara hucewa sai a ɗiga sabon mai. Rabin awa zuwa awa guda, mutum na zaune ko kishingiɗe. Man da take ci bai wuce rubu'in kofi zuwa rabi ba. Vagbhata ya ambace ta ga zubewar gashi da tsagewar fatar kai.

Tana da arha, ana iya yi a gida idan akwai mai taimakawa, kuma ita ce mafita ga tsoho, ga mai ciwon baya da ba ya iya kwanciya a katako, da kuma wanda ba ya son a murza masa kai. Ba ta kai zubin goshi sa mutum ya lula ba. Kuskurenta ɗaya ne babba: barin audugar ta yi sanyi a ka. Idan ba za ka iya riƙe ɗumin ba, gara ka cire a minti 20.

Hular mai

Shiro basti magani ce, ba hutu ba. Ana zaunar da mutum a miƙe, a sa masa doguwar hular fata marar rufi a sama, a liƙe bakinta da ƙullun garin wani baƙin wake na Indiya da ake kira urad don kada ta yi yoyo, a ɗaure da maɗauri. Sai a zuba mai mai ɗumi har ya rufe fatar kai da kimanin faɗin yatsa ɗaya ko biyu. Ana kwashe wanda ya huce ana ƙara mai ɗumi, mutum kuma ba ya motsa kai, wani lokaci har fiye da minti 40. Alamar da suke jira ita ce ruwa ya fara fitowa ta hanci da baki. Gashi sai an aske ko an rage shi sosai.

Vagbhata ya ware ta ga manyan larurori kamar karkacewar fuska, mutuwar jin fatar kai, matsanancin rashin barci da ciwon kai mai tsanani. Ya ce a bar man a kan mai ciwon da suke dangantawa da iska na tsawon wani ɗan gajeren ma'aunin lokacinsu sau 10,000, mai lafiya kuwa 1,000 kacal, ya kuma iyakance ta ga kwana bakwai. Wannan kaɗai ya nuna ba abin marmari ba ce. Tana da tsada kamar zubin goshi ko fiye, tana gajiyar da wuya, maɗaurin na iya matse kai, kuma ba a yin ta sai da umarnin likitan Ayurbeda. Karkacewar baki da ta zo farat ɗaya kuwa asibiti ake kai ta a ranar, domin tana iya zama alamar shanyewar ɓarin jiki.

| Hanya | Yawan mai | Lokaci | Kuɗi | Daɗewar amfani | A gida? | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Tausar kai | Cokali 1 zuwa 4 | Minti 10 zuwa 15 | Mafi arha | Dare ɗaya, yana zama idan ana maimaitawa | E | Ƙuraje, ƙaruwar amosani |
| Zubin goshi da mai | Lita 2 zuwa 3 | Minti 30 zuwa 60 | Mai tsada | Dare 1 ko 2, ya fi daɗewa bayan kwana 7 a jere | A'a | Ƙuna, mai a ido, tsohon mai |
| Zubin tsala ko madara | Babu mai | Minti 30 zuwa 60 | Kusa da na mai | Kamar na mai | A'a | Mura, lalataccen nono |
| Audugar maɗiga | Rubu'in kofi zuwa rabi | Minti 30 zuwa 60 | Arha | Matsakaici | E, da mataimaki | Hucewar auduga a ka |
| Hular mai | Wajen lita ɗaya ko fiye | Har fiye da minti 40 | Mai tsada | Ya danganta da ciwon | Sam | Ciwon wuya, jinkirta zuwa asibiti |

Man da wurin

Tushen yawancin waɗannan mayuka man riɗi ne, wanda suke ɗauka mai ɗumama jiki, sai man kwakwa da suke ɗauka mai sanyaya, kuma shi mutanen Kerala suka fi shafawa a ka. Riɗi ba baƙonmu ba ne, Jigawa kaɗai ta ishe mu shaida. Don tausar gida, man riɗi tsantsa wanda ba a soya riɗinsa ya yi baƙi ba ya wadatar lokacin hunturu, man kwakwa kuma lokacin bazara. A asibiti za ka ji sunaye kamar Ksheerabala, wanda ake dafawa da madara da saiwar wani tsiro mai suna bala, da Brahmi, da Chandanadi mai itacen sandal. Kowanne za a sa maka, ka shafa ɗigo a cikin damtse kwana guda kafin nan. Akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar riɗi ko kaɗan. Ka kuma karanta abin da aka haɗa, domin wasu mayukan Ayurbeda, musamman na cutar fata da na jijiya, ana sa musu fitsarin saniya ko romon nama.

Inda na fi so a buɗe ido shi ne maganin sha da ake haɗa wa mutum bayan jinyar. Masu suna da ke ƙarewa da arishta ko asava tsimi ne, akwai giya a cikinsu. Sannan wani bincike da aka buga a 2004 ya gwada magungunan Ayurbeda 70 da aka saya a shagunan yankin Boston ta Amurka, ya tarar da dalma ko zaiba ko sinadarin asenik a 14 daga ciki. Jinyar kai da mai ba ta buƙatar ka haɗiyi komai.

Wurin kirki yana da likita mai digirin likitancin Ayurbeda, wato BAMS, wanda ake karatunsa shekara biyar da rabi, kuma zai tambaye ka tarihin lafiyarka ya auna jininka kafin a taɓa ka. Tun 2014 Indiya na da ma'aikatar AYUSH da ke kula da wannan fanni, kuma hukumar NABH na tantance asibitocin Ayurbeda, don haka kana da damar neman ganin takarda. Kerala ce cibiyar zubin goshi. A can cibiyar magani ta Arya Vaidya Sala da ke garin Kottakkal take, wadda P. S. Varier ya kafa a 1902, a gundumar Malappuram inda Musulmi suka fi yawa, don haka masallaci da abincin halal ba sa wuya. Mutanen jihar sun fi yin jinyar mai a watansu na Karkidakam, daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Agusta, lokacin damina.

Wa ya dace da wacce

Mai gajiyar aiki, mai nauyin ƙeya bayan doguwar tuƙi ko zaman ofis, da mai bushewar fatar kai lokacin hunturu: tausar kai sau biyu a mako ta ishe su, kuma ba sa buƙatar Indiya. Babu ɗaya daga cikin hanyoyin nan da ta cancanci a yanki tikitin jirgi saboda ita kaɗai.

Wanda ya riga yana Indiya, kamar mai jinyar ɗan'uwa da ya yi makonni yana kwana a kujerar asibiti, ko ɗalibin da jarrabawa ta hana shi runtsawa, zubin goshi zai yi masa amfani. Ya fara da zama ɗaya ya ga yadda jikinsa ya karɓa, kafin ya biya na kwana bakwai. Idan kuɗinsa na zama ɗaya ne kawai, ya san daɗin dare ɗaya ko biyu ya saya.

Mai jin zafi a ka, ko wanda mai ke fesa wa ƙuraje, ya nemi ta tsala, muddin ba mai yawan mura ba ne. Tsoho, mai ciwon baya, da macen da ba ta son wahalar wanke lita uku na mai daga gashinta, audugar maɗiga ta fi musu. Mai ciki ta tsaya ga tausa mai laushi tana zaune, bayan ta tambayi likitarta. Hular mai kuwa sai wanda likitan asibiti ya riga ya gano ciwonsa, sannan likitan Ayurbeda ya ga ta dace a ƙara.

Akwai kuma waɗanda ba ɗaya daga cikin biyar ɗin ce farkon abin da suke buƙata ba: mai ciwon kai da ya sauko farat ɗaya da tsananin da bai taɓa ji ba, mai ciwon kai da amai ko dishi-dishin gani ko sanƙarar wuya da zazzaɓi, mai minsharin da ke farkar da shi yana haki, da wanda baƙin ciki ya hana shi ci da barci makonni. Waɗannan su fara ganin likitan asibiti a auna su, in ya so daga baya a yi maganar mai.